Ɗalibaina sun haddace lissafi amma ba su gane hoton radiyo ba

MalamFizik:
Salam yan uwa. Bana aka ba ni darasin fizik na asibiti, yan lisans shekara ta 3. Yaran nan sun iya hadda tsaf, amma makon jiya na tambaye su me ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoton radiyo, wato X-ray, sai aji yayi tsit kamar ruwa ya ci su. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Ba mu da na'urar TP (darasin gwaji a aikace) ko ɗaya, allo ne da alli kawai. Don Allah a ba ni shawara.

Baba_Garwa:
Wa alaikassalam ɗana. Kar ka fara da lissafi, fara da abin da suka sani. A cikinsu ba za ka rasa wanda ya taɓa faɗuwa a kan moto aka yi masa radiyo ba, ka ce ya kawo hoton, ka ɗaga shi a taga kowa ya gani. Daga nan ka gaya musu kalshiyam ɗin ƙashi ne ya tare hasken, nama kuwa ya bar yawancinsa ya wuce shi ya sa wurin yayi duhu. Röntgen ma, wanda ya gano wannan haske, a 1895 hannun matarsa ya ɗauka, har zobenta ya fito.

Hajiya_Marwa:
Malam ni tsabar kuɗi nake kaiwa aji, guda 100, su watsa a tebur su kwashe duk wanda ya faɗi ta fuska ɗaya su ƙirga saura su sake watsawa, kafin zagaye na huɗu da kansu za su ga yadda abin ke rabewa biyu biyu, sai a lokacin nake kawo maganar sinadarai masu radiyeshan da ake amfani da su a asibiti, teknetiyam-99m da ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk awa 6 da ayodin-131 duk kwana 8. Yadda nisa ke rage ƙarfin radiyeshan kuma tocilar waya da bango sun isa, ka ninka tazara haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Ɗan_Kusseri:
Duk da haka sai sun shiga asibiti fa malam. Ni a ɗakin radiyo nake aiki, masu zuwa mana staj, wato koyon aiki, wasu ko dalilin sa rigar darma ba su sani ba. Ka nemi izini ka riƙa kawo su goma goma, su ga ekografi, hoton cikin jiki da ake ɗauka da sauti, su tambayi me ya sa ake shafa jel, iska ce ke mayar da sautin baya in ba a shafa ba.

MalamFizik:
Allah ya saka da alheri. Hajiya Litinin zan gwada na tsabar, yan sefa 25 za su yi ko?

Hajiya_Marwa:
Za su yi, amma ka raba su rukuni rukuni kowa ya rubuta nasa a allo.