Laimar kwaɗi a hanyar Mirriya, ana cin ta?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da sassafe na hau moto zan duba gonar tsohonmu a hanyar Mirriya tunda gero ya kusa girbi, sai na tarar da laimar kwaɗi farare sun kai goma a gindin wani suri kusa da tsamiya, wallahi sun yi kyau har na tsaya ina ɗaukar su hoto da waya amma duk hotunan sun fito fari fat ba a ganin komai. Tambayata biyu ce, yaya ake ɗaukar su su fito, kuma wannan ita ce wadda ake miya da ita ko ko?

Malam na Droum:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka ci sa'a, ruwa na ɗaukewa kaka ta shigo sai baɗi kuma, watan Agusta da Satumba ne lokacinsu. Ta suri da muka sani, wadda ake miya da ita, gara ce ke noma ta a cikin gidanta, shi ya sa in ka tona a hankali za ka ga saiwa doguwa kamar wutsiya ta nutse cikin surin, hularta kuma da ɗan tsini a tsakiya. Amma don ka gan ta kusa da suri ba shi ne ta suri ba. Kuma kar ka zura hannu a rami, kububuwa da kunama can suke laɓewa.

Maman Hadiza:
Ƙanena ni aikin jinya nake, don Allah kar wanda ya ce maka ci daga ganin hoto. Akwai wata fara babba, Chlorophyllum molybdites sunanta a littafi, awa 1 zuwa 3 da ci sai amai da zawo ba tsayawa. Ka yanke hular ka kifa ta a kan farar takarda ka rufe da kwano ta kwana, in da safe ka ga ƙura kore-kore to ita ce, ka zubar nesa da yara. Wasu kuma sun fi ta mugunta, sai bayan awa 6 ko ma kwana guda ciwon ke tashi alhali sun riga sun taɓa hanta, kuma dahuwa ba ta kashe dafin, ko akuya ta ci ta kwana lahiya ba hujja ba ce.

Mai Kamera:
Aboki rana ce ta ƙone maka hoton. Ka je kafin ƙarfe 8, ka danna kan hular a fuskar wayar ka ja hasken ƙasa, ka durƙusa wayar ta kusa taɓa ƙasa. Ni madubin madam nake ɗaukewa in ajiye a ƙarƙashi don ƙasan hular ya fito, sai dala goma a gefe a gane girmanta. Madubin dai har yau ba ta san inda yake zuwa ba hhh.

Ɗan Zango:
Na gode Malam, na gode Yaya. Yau na koma da madubi da hauya amma saura biyu kawai, sauran sun ruɓe tsutsa ta cika su. Na tona ɗaya ban ga wata wutsiya ba, gindin dunƙule yake. Tana kan takarda yanzu, gobe in Allah ya kai mu zan turo hoton.