Wai Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara?

Malam Sani: Salamu alaikum jama'a. Mu dai a firamare an haddace mana cewa Baturen nan ɗan Birtaniya Mungo Park ne ya gano Kogin Neja, wato Kwara. Ni kam ban taɓa yarda ba. Ya isa Segu, a ƙasar Mali ta yanzu, a 1796, ya tarar da gari guda a bakin ruwa, kwale-kwale na ta fiton mutane. To me ya gano?

Hauwa: Wa alaikumus salam. Malam, ai Sarkawa da Nufawa sun gaji kogin nan kaka da kakanni, fatakenmu kuma suna ƙetare shi zuwa Gwanja sayen goro tun ba a haife shi ba.

Bashir: Anti Hauwa, wannan ba wanda ya musa. Amma a ba mutum haƙƙinsa. Tambayar da ƙungiyar da ta turo shi daga Landan ke yi ita ce, ina kogin ya dosa, gabas ko yamma, kuma ina ya ƙare? Wani marubuci na da, Leo Africanus, ya rubuta cewa yamma yake yi, Turawa suka riƙe haka shekara da shekaru. Park ya tsaya ya ga ruwan da idonsa yana gangarawa gabas. Mai fito a Yawuri ya san nasa yankin sarai, amma zai iya gaya maka daga tsaunukan Gini ruwan ya taso, ya yi tafiyar kilomita sama da 4,000?

Malam Sani: Shi ma Park ɗin ai bai sani ba, Bashir. Har ya bar duniya yana zaton Kwara da Kogin Kongo abu ɗaya ne.

Alhaji Garba: Ku dakata yara. Abin da ba a faɗa muku a aji shi ne tafiyarsa ta biyu, ta 1805. Ya taso daga Gambiya da Turawa sama da 40, yawancinsu sojoji, damina ta rutsa da su a hanya, zazzaɓi da atuni suka yi ta ɗauke su. Sa'ad da ya tura jirginsa daga Sansanding, kusa da Segu, saura su 5. Daga nan kuma ya ƙi tsayawa ya gaida sarakunan hanya, ya ƙi biyan kuɗin wucewa, duk kwale-kwalen da ya matso sai harbi. Bayan kusan shekara 50 Bajamushen matafiyi Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tarar Buzaye ba su manta ba. A Busa aka tare Park wajen duwatsu a 1806, ruwa ya cinye shi. Tsohuwar Busa ma yanzu tana ƙarƙashin tafkin Kainji.

Bashir: Allah ya ƙara girma Baba, halinsa daban, aikinsa daban. Kuma ko manyan malamai sun ruɗe a kan kogin nan. Matafiyin nan ɗan Maroko Ibn Battuta ya hau shi daga Tumbutu zuwa Gao, ya ce Nilu ne. Taswirar da Clapperton, wani matafiyi ɗan Birtaniya, ya samu wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 ma da Masar ta haɗa shi.

Hauwa: To in ƙarshen kogin ake nema, ai Richard Lander da ƙaninsa John za a ambata. Su suka bi shi daga Busa har teku a 1830. Shi Richard ɗin baran Clapperton ne, shi ya binne maigidansa kusa da Sakkwato a 1827. Abin dariyar, jiragen Turawa sun daɗe suna lodin bayi da manja a bakin kogin ba su san shi ne ba.

Alhaji Garba: Kuma ku duba abin da ya biyo hanyar da suka buɗe: jiragen 'yan kasuwa, Lakwaja, kamfanin cinikin Bature Goldie, sai Lugga da sojojinsa.

Bashir: Baba, wannan kuma ɗora wa mamaci laifin jikoki ne. Tsakanin mutuwar Park da faɗuwar Sakkwato a 1903 kusan shekara 100 ne fa.

Malam Sani: Ni dai a rubuta wa yara cewa Park ne Baturen farko da ya ga kogin ya koma gida ya ba da labari. Iyakarta ke nan.

Hauwa: A kuma sa sunan Amadi Fatuma, ɗan jagoran da ya kawo shi har Yawuri. Ba don bakinsa ba, da wa zai san yadda ta ƙare a Busa?