Wai da gaske ana cin furen marigol?

Ummu_Sadiq:
Salam 'yan uwa, dan Allah tambaya gareni. Na shuka marigol a tukwane don ado kawai, yanzu sun yi fure sosai, sai ƙawata ta ce wai ana girki da shi har man shafawa ake yi. Na tsinki ɗaya na tauna, wlh ɗaci da wari sai da na tofar. Ko ba irinsa ba ne?

Mai_Lambu:
Wa alaikissalam hajiya. Sunan ne ɗaya amma tsirrai biyu ne. Akwai kalendula, asalinsa kudancin Turai, shi aka fi ci kuma shi ake man da shi. Sai Tagetes na Mekziko, duk da za ki ji ana ce masa na Afirka ko na Faransa. Ki duba ganyen, in ya rarrabu kamar gashin tsuntsu kuma kina murzawa wari ya buge ki to Tagetes ne, na kalendula a haɗe yake yana ɗan danƙo a hannu. Irin ma daban, na kalendula a lanƙwashe kamar farce, na Tagetes siriri baƙi kamar tsinke.

Anti_Balki:
Ni kalendula nake amfani da shi. Ganyen furen kawai za ki zare banda tsakiyar, yana ba shinkafa da bota kala mai kyau, shi ya sa Turawa ke ce masa saffron ɗin talaka (saffron wani kayan girki ne mai tsada da ke ba abinci kalar rawaya), ɗanɗano kam ba wani sosai ba. Man kuma ki shanya furen a inuwa sai ya bushe ƙayau sannan ki jiƙa a man zaitun kamar sati 4 ki tace, ni farkon yi na yi gaggawa na zuba da danshinsa, kwalbar gaba ɗaya ta yi funfuna na zubar. Na bushewar fata ne da 'yar ƙujewa fa, ba babban ciwo ba.

Mai_Lambu:
Shi ma Tagetes ɗin ba na yarwa ba ne, ana sa furensa a abincin kaji don kwaiduwa ta ƙara kala, a ƙasar Jojiya kuma busarwa suke su daka su sa a miya. Amma wanda aka yi wa feshin maganin ƙwari kar a ci, mai ciki kuma ta bar shan shayin kalendula.

Ummu_Sadiq:
Na fita na duba, ganyen a rarrabe yake, Tagetes ne ashe. Bari in nemo irin kalendula ɗin. Na gode Anti, Allah ya saka.