Fassara kalmar Sifaniyanci "sinfín" zuwa Ingilishi

Wasu mafassara da suka tattauna yadda za a fassara ta sun yi ittifaƙi cewa kalmar "sinfín", wadda aka ƙera daga "sin" da "fin", wato marar iyaka, yawanci tana nufin yawan da ba ya ƙirguwa ne, don haka "un sinfín de problemas" ya fi dacewa da "countless problems" ko "no end of problems". Sun gargaɗi masu koyo game da fassara ta da "interminable", domin a Ingilishi tana ɗauke da ƙosawa, kamar jawabin da ya ƙi ƙarewa. Kalmar Sifaniyanci "infinito" ("infinite" a Ingilishi) kuwa a bar ta ga lissafi da falsafa. Inda ake maganar albarkar da ba ta ƙafewa, irin ma'anar kalmar Sifaniyanci "inagotable", sun fifita "inexhaustible".