A taya ni neman Hausar "niyuron", jijiya ta kusa jawo mana ƙaho

Salamu alaikum jama'ar zango. Neman kalma ya kawo ni yau, kuma abin da ya jawo shi laifina ne ni da kaina, gara in faɗa da bakina.

Satin da ya wuce na raka Mma asibiti nan Kumasi. Ciwon suga gare ta shekara da shekaru, to kwanan nan sai ta fara cewa in tana tafiya kamar auduga take takawa, da dare kuma ƙafar na mata zugi kamar an barbaɗa barkono. Ranar da hankalinmu ya tashi ita ce ranar da ta dawo daga kasuwar Asawase da silifa ƙafa ɗaya, ɗayan ya zame tun a hanya ba ta sani ba. A asibitin nas ta ce ta rufe ido, ta ɗauko wani siririn zaren roba kamar gashin wutsiyar doki tana dangwala mata a ƙarƙashin yatsu, kin ji? shiru, nan fa? shiru. Likita ya ce da turanci sugan ne ya taɓa mata "nab", ni kuma tafinta sarkin azarɓaɓi na juya na ce Mma, wai jijiyarki ce ta lalace. Kafin trotro ya sauke mu Aboabo ta riga ta yanke hukunci, jini ne ya daskare a jijiya, a kira wanzami ya yi mata ƙaho. Mai suga fa, ƙafar da ko ƙusa ta taka ba za ta ji ba, a zo a tsaga ta da aska! Da ƙyar da siɗin goshi na hana.

Kuma ba ta yi kuskure ba, abin da na faɗa ta ji. Jijiya a bakinmu kaya uku take ɗauka: hanyar jini da nas ke lalube in za a sa ma mutum ruwa, da mai taurin nan da ke maƙale maka a haƙori in ka ci tsire, sai ta ukun wadda likita ke nufi, farin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Ba mu kaɗai ba ne kuwa. Kalmar niyuron ɗin kanta, wato sunan ƙwayar halittar da ke ɗaukar saƙo a jiki, a tsohon Girkanci tana nufin agara ko tsirkiyar baka, sai a 1891 wani likitan Jamus, Waldeyer, ya ɗora ta kan ƙwayar halitta guda ɗaya. Malamanmu ma sun san "asab" a Larabci haka take, agara ce kuma ita ce wannan zaren. Su sun zauna sun raba nasu, mu ne muka bar namu a tukunya ɗaya.

Don kar mu yi ta musu a duhu, nab da niyuron ba abu ɗaya ba ne. Ka fere wayar lantarki mai kauri, za ka ga siraran wayoyi da yawa a ɗaure a ciki, to damin gaba ɗaya shi ne nab, kowane siriri kuma wutsiyar niyuron guda ce. Ita niyuron tana da ɗan jiki, da rassa kamar na bishiya masu karɓar saƙo, da doguwar wutsiya ɗaya mai fitar da shi. A ƙwaƙwalwa kaɗai akwai wajen biliyan 86. Wadda ta tashi daga ƙasan gadon baya zuwa babban yatsan ƙafa wutsiyarta na kai mita guda, ƙwaya ɗaya tal fa, kuma dogayen nan su suga ke fara ci, shi ya sa ƙafar Mma ta riga hannunta mutuwa.

To me za mu kira su?

Ƙari na farko, na karanta abin da kuka rubuto. Baba Alhaji da ya ce a ce "jijiyar laka", Allah ya ƙara girma, na ji ana faɗinta kuma ta fi jijiya tsura nesa ba kusa ba. Sai dai Baba, tagwaye 31 ne ke fitowa daga laka, akwai wasu tagwaye 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa ba su bi ta laka ba, irin na gani da na ji da na shaƙar ƙamshi. In mun ce ta laka mun bar su a waje. Yayata da ta ce "jijiyar ji", rabi kika kamo Yaya. Akwai masu kawo labari, akwai masu kai umarni. Dubi yaron da shan inna ta kama, ƙwayoyin da ke ba tsoka umarni ne cutar ke kashewa a cikin laka, in ka mintsine shi zai yi ihu amma ƙafar ba za ta ɗagu ba. Ni dai na tsaya a kan JIJIYAR SAƘO, ta haɗa mai zuwa da mai dawowa, sai mu bar jijiyar jini a wurinta, mai taurin kuma a mayar mata da sunanta na asali, agara.

Niyuron kuwa na ce ƘWAYAR SAƘO, nan take wani ƙanina ya turo dariya wai in aka ce ƙwaya a Sabon Zango tramol samari za su ji. Kai yaro, ƙwayar ido fa? ƙwayar hatsi, ƙwayar cuta? Ba za mu bar ma 'yan shaye-shaye kalma sukutum ba. Wani ya ce "ɗan aike", ta yi daɗi a kunne amma ɗan aike tashi yake ya tafi, ita kuwa tana nan inda take, saƙon ne ke gudu a cikinta. Wutsiyar tata na ce SILI, kamar silin gashi ko na zare. Wasu silin an naɗe su da rigar kitse kamar robar jikin waya, saƙo a cikinsu na kai mita 120 a daƙiƙa, marasa riga kuma wajen mita ɗaya suke jan jiki. In ka yi tuntuɓe ai ka san akwai zafin farko mai kaifi, sai can raɗaɗi ya biyo baya, to su ne.

Wadda ta hana ni barci ita ce "sinaps", wurin da ƙwayar saƙo ke miƙa wa 'yar'uwarta. Mutane da yawa sun ce mahaɗa, ni ma da farko ita na rubuta, har na tuna Kejetia inda motoci ke haɗuwa. Amma abin mamakin shi ne ba sa haɗuwa. A kan wannan manya biyu suka yi ta ja, Golgi na Italiya ya ce duk a haɗe suke kamar raga, Ramon y Cajal na Sifen ya ce a'a kowace zaman kanta take, aka haɗa su aka ba su kyautar Nobel tare a 1906 ba su shirya ba, kuma Cajal ne ya yi gaskiya. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ɗan rata, nanomita 20 zuwa 40, nanomita kuwa sai ka raba milimita ɗaya gida miliyan. Saƙon na zuwa da lantarki, ya iso baki ya tsaya, sai a saki wani sinadari ya haye ratan ya tayar da lantarki a ɗaya gefen.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Salaga ya san wannan. Lori ya kawo ka Yeji, hanya ta ƙare a bakin ruwa, a sauke kaya a loda wa jirgi, a haye zuwa Makango, can wata motar ta kwasa. Kakanninmu fataken goro suna da sunan aikin, fito. Don haka na ce sinaps a kira ta MAƘETARA, sinadarin kuma ƊAN FITO. Wannan kam ina ji da ita, wanda zai ture ta sai ya zo da shiri.

Jiya bayan isha'i na gwada su a kan Mma, ina haska mata tsakanin yatsu da tocilan waya kamar yadda nas ta ce a riƙa yi kullum ko akwai ciwon da ba ta ji ba. Na ce Mma ba jini ba ne, jijiyar saƙo ce, ƙafar na aika labari ba ya isa sama. Ta yi shiru, ta ce to ka ce wayar ce ta yanke mana, tun ranar da ka faɗi haka ai da ban nemi wanzami ba.

Yanzu ga "waya" ta shigo takara ban shirya mata ba. Mutanen Nima da Mamobi can Accra, ku me tsofaffinku ke cewa? Rigar kitsen nan ma har yanzu ban gamsu da sunanta ba, mai abin da ya fi ya ajiye a ƙasa.