Me ya haɗa batun zubar da ciki da 'yancin kaɗa ƙuri'a a fafutukar matasan Amurka?

Hadiza:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suke bin siyasar Amurka sau da ƙafa. Tun daga 2022 nake ganin rahotannin ɗaliban jami'a da na sakandare suna zanga-zanga a can, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne sau da yawa ƙungiya ɗaya ce take kokawa kan dokokin hana zubar da ciki, take kuma kokawa kan dokokin zaɓe. A ganina na farko ya shafi rai da addini da lafiyar mata, na biyu kuwa ya shafi rajista da layin rumfar zaɓe. Mene ne ya haɗa su? Kuma shin wannan fafutuka ta canza wani abu a zahiri, ko a kafafen sada zumunta kawai ta tsaya?

Malam Nura:

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Abin da ya haɗa su yana cikin hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ranar 24 ga Yuni, 2022, a shari'ar Dobbs, wanda ya soke hukuncin Roe da Wade na 1973 da ya ba mata haƙƙin zubar da ciki a duk faɗin ƙasar. Kotun ba ta haramta zubar da ciki a ƙasar ba. Cewa ta yi kundin tsarin mulkin tarayya bai ba da wannan haƙƙi ba, don haka ta mayar da maganar ga jama'a da wakilan da suka zaɓa. Daga wannan rana, majalisar dokokin kowace jiha ce take yanke abin da likita zai yi da abin da ba zai yi ba, saboda haka tambayar wa zai iya kaɗa ƙuri'a, kuma cikin wane irin sauƙi, ta zama ita ce tushen komai.

Ita ma dokar zaɓe an riga an sassauta mata ƙarfi. Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965, wadda aka samu bayan 'yan sanda sun lakaɗa wa masu tattaki duka a gadar garin Selma na jihar Alabama, ciki har da John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin fafutukar 'yancin baƙar fata, yana ɗan shekara 25, ta tilasta wa jihohin da suke da tarihin danne baƙar fata su nemi amincewar tarayya kafin su taɓa dokokin zaɓensu. A 2013, a shari'ar gundumar Shelby, Kotun Ƙoli ta soke ma'aunin da ake tantance waɗannan jihohi da shi, sai sharaɗin ya daina aiki.

Ki duba jihar Texas a watan Satumba na 2021. Ranar 1 ga wata dokar hana zubar da ciki daga kimanin mako shida ta fara aiki, dokar da ta ba kowane mutum damar maka wanda ya taimaka a kotu ya nemi aƙalla dala 10,000. Ranar 7 ga wata gwamna Greg Abbott ya sa hannu kan dokar zaɓe da ta hana kaɗa ƙuri'a daga cikin mota da buɗe rumfa dare da rana, hanyoyin da gundumar Harris, inda birnin Houston yake, ta yi amfani da su a 2020. Majalisa ɗaya ce ta yi su duka biyun. A wannan jiha kuma, lasisin riƙe bindiga yana cikin shaidar da ake karɓa a rumfar zaɓe, amma katin shaidar ɗalibi ba ya ciki. Matashin da ya ga wannan ba ya bukatar wani ya zaunar da shi ya yi masa bayanin alaƙar.

Ba sabon faɗa ba ne ga ɗalibai. 'Yan jami'ar Prairie View, wadda aka kafa domin baƙar fata a gundumar Waller ta Texas, sai da maganarsu ta kai Kotun Ƙoli a 1979 kafin a tabbatar musu da damar yin rajista a garin da suke karatu. Duk da haka, a watan Fabrairu na 2008 sai da suka taka kimanin mil 7 a ƙafa zuwa garin Hempstead, domin nuna ɓacin ransu kan rashin wurin kaɗa ƙuri'a tun kafin ranar zaɓe kusa da makarantarsu.

Hajiya Maryam:

Allah ya saka da alheri, Malam Nura. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa, don haka zan yi magana kan ɓangaren da ya fi sosa mini rai. Da yawa daga cikinmu idan muka ji ana maganar zubar da ciki, tunaninmu yana tafiya kan cikin da ba a so, alhali aikin da ake yi wa matar da ta yi ɓari ko wadda cikinta ya lalace, da magungunan da ake ba ta, kusan duk iri ɗaya ne da waɗanda dokokin nan suka shafa. A Texas likitan da aka samu da laifi yana iya fuskantar ɗaurin rai da rai, da tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba, da ƙwace lasisi. Dokar ta yarda a ceci ran uwa, amma likitoci sun yi ta kokawa cewa ba ta fayyace musu matakin da haɗari zai kai kafin su sa hannu ba, sai suka shiga halin gaba kura baya sayaki. Amanda Zurawski, wata mata a Texas wadda daga baya ta ba da shaida a gaban majalisar dattawan Amurka, fayarta ta fashe cikinta yana da kimanin mako 18 a 2022, aka sallame ta gida domin zuciyar jaririyar tana bugawa, ba a cire cikin ba sai da ƙwayoyin cuta suka shiga jininta aka kwantar da ita a ɗakin kulawa ta musamman. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mace mai zazzaɓin irin wannan, jikinta yana rawa, ƙarfin jininta yana faɗuwa, ya san cewa awa ɗaya tana da tsada.

Game da ko fafutukar ta yi tasiri, amsata ita ce ta yi. A watan Mayu na 2021 wata ɗaliba a Dallas mai suna Paxton Smith, wadda ta zo ta ɗaya a ajinsu, ta ajiye jawabin da makaranta ta amince da shi ranar yaye ɗalibai ta yi magana kan dokar mako shida. A Yulin 2022 Olivia Julianna, 'yar shekara 19, ta tara fiye da dala miliyan 2 domin asusun taimakon mata masu neman zubar da ciki bayan ɗan majalisa Matt Gaetz ya yi mata izgili. Amma inda aka fi ganin aikinsu shi ne akwatin zaɓe. Ranar 2 ga Agusta, 2022, jihar Kansas, wadda ta daɗe tana zaɓen jam'iyyar Republican, ta yi watsi da gyaran da zai cire haƙƙin zubar da ciki daga kundinta da kimanin kashi 59 cikin ɗari. A Nuwamban shekarar, ɗaliban Jami'ar Michigan a garin Ann Arbor sun tsaya a layi cikin sanyi, lulluɓe da barguna, har wajen ƙarfe 2 na dare domin su yi rajista su kaɗa ƙuri'a, kuma jihar ta sanya haƙƙin cikin kundinta.

Malam Aliyu:

Ina girmama abin da Hajiya ta faɗa, kuma ban san malamin da ya ce a bar uwa ta mutu ba, domin ko dokar Final Kod da ake aiki da ita a arewacin Najeriya ta keɓe ceton ran uwa. Sai dai ba na goyon bayan a bar zubar da ciki a buɗe ga duk mai so, kuma mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta tana da tsauri sosai a kan wannan. Ina kuma so Malama Hadiza ta sani cewa matasan Amurka ba bakinsu ɗaya ba. Tun 1974 ake yin tattakin kare rai a Washington a kowane watan Janairu, kuma ɗaliban makarantu da na jami'o'i suna cikin waɗanda suka fi cika shi. Su ma sun yi shekaru suna bi gida gida, kuma suna ganin hukuncin Dobbs a matsayin nasarar haƙurinsu. A 2024 masu zaɓe a Dakota ta Kudu sun ƙi amincewa da gyaran da zai halatta zubar da ciki, a Nebraska kuma suka tabbatar da iyakar wata uku na farko.

Sannan bai kamata a zuzuta fitowar matasa ba. Cibiyar da take nazarin wannan a Jami'ar Tufts ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 23 cikin ɗari na 'yan shekara 18 zuwa 29 ne suka yi zaɓen tsakiyar wa'adi a 2022, alhali a zaɓen shugaban ƙasa na 2020 sun kai kusan rabi. Inda nake tare da su ɗari bisa ɗari shi ne maganar ƙuri'a. Dokar jihar Jojiya ta 2021, wadda ta mayar da miƙa wa mai tsaye a layin zaɓe ruwa ko abinci laifi, ba ta da wata hujja da ta gamsar da ni, ko da yake masu kare ta suna cewa hana sayen ƙuri'a ne manufarta. Idan ina da yaƙinin cewa ra'ayina gaskiya ne, to in shawo kan mutane da hujja, kada in rage adadin masu zuwa rumfa.

Hadiza:

Na gode muku duka. Malam Nura, tun da ƙuri'ar raba gardama ta yi aiki a Kansas da Michigan, me ya hana matasan Texas bin wannan hanya?

Malam Nura:

Domin ba su da ita, Malama. Kimanin rabin jihohin Amurka ne kawai suke ba talakawa damar tara sa hannu su kai wata magana gaban masu zaɓe, kuma Texas da Jojiya ba sa cikinsu. A can majalisa ce kaɗai take iya gabatar da gyaran kundin jiha. Ko a Kansas ma majalisa ce ta kawo gyaran, jama'a suka ƙi shi. A jihohin da suke da hanyar kuwa, faɗan ya koma kan ita kanta hanyar. A Ohio majalisa ta kira zaɓe na musamman ranar 8 ga Agusta, 2023, domin a ɗaga yawan ƙuri'un da ake bukata wajen gyara kundi daga rinjaye zuwa kashi 60 cikin ɗari, wata uku kacal kafin ƙuri'ar zubar da ciki. Masu zaɓe suka ƙi, sannan a Nuwamba gyaran ya wuce da kimanin kashi 57. A Florida, inda sharaɗin kashi 60 ya riga ya zama doka, irin wannan gyara ya samu kashi 57 ɗin nan a 2024 amma ya faɗi, kuma dokar jihar ta hana zubar da ciki bayan mako shida ta ci gaba da aiki. Matasan Texas abin da ya rage musu shi ne zaɓen 'yan majalisar jiha, a mazaɓun da ita majalisar ce ta shata iyakokinsu a 2021, a jihar da har yanzu ba ta buɗe rajistar masu zaɓe ta intanet ga kowa ba, shi ya sa ake ganinsu da tebur da takardun rajista a harabar jami'o'i a farkon kowane zangon karatu.