Riba da Hasarar Route Reflector a Babban Tsarin Sadarwa

Injiniyoyin sadarwa Hausawa da ke aiki a Legas sun tattauna batun route reflector, wato na'urar da ke karɓar bayanin hanyoyi daga rauta (na'urorin da ke tura bayanai a tsarin sadarwa) ta isar wa sauran, a tsarin BGP, ƙa'idar da rauta ke bi wajen musayar wannan bayani, inda suka yarda cewa ribarsa ba ƙarama ba ce, domin rauta 100 da za a haɗa kowace da kowace suna buƙatar haɗi 4,950, alhali wannan na'ura tana rage adadin matuƙa. Matsalar ita ce hanyar da ta zaɓa kaɗai take isarwa, don haka idan na'urar tana Ikeja a Legas, sai rautar Kano ta bi mafitar da ta fi dacewa da Ikeja maimakon wadda ta fi dacewa da ita, sauran hanyoyin kuma su ɓoye mata. Sun ba da shawarar a girka route reflector guda biyu a gine-gine daban-daban, a kuma kunna ADD-PATH, tsarin da ke ba na'urar damar isar da hanya fiye da ɗaya, wanda a ganina ya cancanci nauyin da yake ƙara wa ƙwaƙwalwar na'ura.